Maƙwabta ne suka zauna mini makoki, ba 'yan cocinmu ba

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Ni tela ce, ina gidan haya a unguwar Aboabo ta Kumasi da 'ya'yana uku. Iyayena daga arewa suka zo, a zango aka haife ni, da Hausa na tashi, Tonanci kuwa, harshen mutanen Asante, ina ji amma bakina bai sake da shi ba. Shekara bakwai ke nan ina zuwa wani babban coci inda ake sujada sau uku ran Lahadi, ban taɓa fashin zakka ba. Wata huɗu da suka wuce maigidana ya rasu, bakanike ne a Suame, ya yi wata biyu a kwance. Da na kira ofishin coci, lambar katina aka fara tambaya. Ran jana'iza mutum huɗu suka zo da kuɗi a ambulan, aka yi addu'a, suka tafi. Tun daga ranar ba wanda ya tako gidana. Maƙwabtana Musulmi ne suka kwana da ni, suka dafa wa yara abinci, suka wanke mini kaya. Da na karanta Ayyukan Manzanni sura 2 sai na fashe da kuka, don ban ga cocinmu a ciki ba. Yanzu wani ɗan'uwa ya fara taro a ɗakinsa, yana cewa manyan coci-coci duk Babila ne, in daina kai zakkata can in kawo wurinsa. Mama, in bar cocin nan?

Wata 'yarki daga Kumasi

'Yata, sannu da rashi. Ubangiji ya ta'azantar da ke, ya raya yaran nan, ya ba ki ƙarfin riƙe su. Sau biyu na karanta wasiƙarki kafin na ɗauki biro, domin wata huɗu kamar jiya ne a wurin macen da ta binne miji, kuma ba na so in ɗora miki wa'azi a kan miki ɗanye.

Abin da ya yi miki zafi ya kai ya yi zafi. Kada wani ya ce miki ƙarancin bangaskiya ne, ko wai kina duban mutane maimakon duban Allah. A wasiƙar Yakubu 1:27 an auna addini mai tsarki da kula da marayu da matan da mazansu suka mutu, kuma kalmar da ke wurin a Helenanci ta ziyara ce, ta a tashi da ƙafa a je a duba mutum. Ambulan yana da amfaninsa, ya taimaka wajen kuɗin kujeru da rumfa. Amma ambulan ba ya dawowa bayan mako biyu ya tambaya ko yara sun koma makaranta.

Ki tambayi kanki yadda aka yi maƙwabtanki suka san halin da kike ciki tun kafin ki buɗe baki. Famfo ɗaya kuke ɗibar ruwa, tsakar gida ɗaya kuke shanya. Mazansu kuma suna haɗuwa a masallacin unguwa sau biyar a rana, wanda bai fito asuba kwana biyu ba za a aika yaro ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. 'Yan cocinku kuwa daga Tafo, da Kwadaso, da Atonsu, da Santasi suke hawo motar haya, su zauna awa biyu suna kallon ƙeyar juna, su fita da sauri don masu sujada ta biyu suna jiran kujeru. Da yawansu mutanen kirki ne, da sun san kin yi rashi da sun zo. Ba su sani ba, domin yadda aka tsara cocin bai bar musu hanyar sani ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, cocin da ya tara mutane da lasifika ya manta da ƙafa kuwa dole irin wannan ya faru a cikinsa.

Yawan jama'a shi kaɗai ba laifi ba ne. Ikkilisiyar Urushalima da ta sa ki kuka babba ce. A ranar Fentikos kaɗai mutum wajen 3,000 aka yi wa baftisma, kafin a kai sura 4 mazan sun kai wajen 5,000. Abin da suka yi da yawan nan shi ne abin dubawa. Ayyukan Manzanni 2:46 ta ce kowace rana suna taruwa a Haikali, suna kuma cin abinci gida-gida. Babban taro yana nan, ƙaramin zama a kan tabarma ɗaya ma yana nan. Fiye da shekara 200 Kiristoci a gidaje suka fi taruwa. Ginin sujada mafi daɗewa da masu tono suka gano, a Dura-Yurofos ta ƙasar Siriya, gidan zama ne da aka gyara wajen shekara ta 240. Ki buɗe Romawa 16 ki ga Bulus yana gai da fiye da mutum 20 da sunayensu a birnin da bai taɓa zuwa ba, yana gai da ikkilisiyar da ke taruwa a gidan Bilkisu da Akila, har ya ce uwar Rufus shi ma uwarsa ce. Mu a yau mun riƙe Haikalin, mun ƙawata shi da fitilu da majigi, gida-gidan ne ya suɓuce wa da yawa daga cikinmu. Ƙidayar 2021 ta nuna Kiristoci sun haura kashi 70 cikin 100 na mutanen Ghana, ga shi kuma mace tana shekara bakwai a coci ana neman ta da lambar kati.

Amma ina so ki ƙara juya shafi, ki wuce sura 2 ki isa sura 6, domin a can labarinki yake. Ikkilisiyar nan da ake yabo, wadda manzanni da kansu suke jagoranta, ita ma ta manta da matan da mazansu suka mutu. Kuma ba duka ta manta da su ba, da na wani harshe ta manta. Masu jin Helenanci suka yi gunaguni a kan masu jin Ibrananci, domin ana tsallake matansu wajen rabon abinci na kullum. Ke da kike zama a kujerun baya kina bin wa'azin Tonanci rabi da rabi, ba sai an fassara miki wannan ba. Abin da ya burge ni tun ina budurwa shi ne amsar manzannin. Ba su ce masu gunaguni 'yan tawaye ba ne, ba su ce a je a yi azumi a daina ƙorafi ba. Sun tara jama'a, suka ce a zaɓi mutum bakwai a danƙa musu aikin. Ki duba sunayen bakwai ɗin, daga Istifanas da Filibus har Nikolas mutumin Antakiya, duk sunayen Helenanci ne. Alamar ita ce, ɓangaren da aka tsallake shi aka ba wa ludayin rabo. A Koranti ma Bulus ya yi musu faɗa domin a wurin Jibin Ubangiji wani yana ƙoshi har ya bugu, wani yana zaune da yunwa. Yakubu ya tsawata wa masu ba mai zoben zinariya kujerar gaba su ce wa talaka ya tsaya can. Ikkilisiyar farko tana kuskure irin namu. Abin da take da shi, wanda nake so ki gwada ko cocinku yana da shi, kunne ne na jin kuka da hannu na gyarawa.

Saboda haka amsata ita ce, kada ki sulale ki tafi shiru. In kin tafi a haka ba wanda zai san dalili, macen da za ta yi rashi bayanki kuma irin ambulan ɗinki za ta samu. In jikinki ya ɗan yi ƙarfi, ki nemi dattijo ɗaya ko shugabar zumuntar mata, ki ce kina son ganin su ido da ido, ba ta ofis ba. Ki tafi da mace ɗaya da kika yarda da ita, wadda za ta taya ki da harshe in magana ta sarƙe miki. Ki faɗa musu abin da kika faɗa mini, da watanni biyu na jinya, da lambar kati, da shirun da ya biyo baya. Ba sai kin yi zagi ba, ba kuma sai kin ba da haƙuri don kin yi magana ba. Sa'an nan ki tambaye su abu biyu: mata nawa ne a cocin nan mazansu suka rasu, wa yake riƙe da sunayensu? 'Yan cocin nan nawa ne suke zaune a Aboabo da Asawase da Sabon Zango? Zan yi mamaki in ba a samu goma ba. Kina wuce wasunsu a kasuwa ba ku san juna ba.

Zan faɗa miki wani abu a kaina kafin in yi miki tambaya mai nauyi. Shekarun baya an ba ni mata 14 in riƙa kula da su a cocinmu. Ɗaya ta yi mako biyar ban gan ta ba, kullum ina cewa ran Asabar zan je. Da na je na tarar ta yi ɓari, ta kwanta ita kaɗai, mijinta yana tafiya. Ta karɓe ni da fara'a, amma ba ta sake dawowa cikinmu ba. Har yau in na tuna sai in ji kunya a gaban Allah. Don haka ba daga sama nake tambayarki ba: cikin shekara bakwai ɗin nan, gidan 'yan coci nawa kika shiga? Wa kika taɓa kai wa koko yana jinya? In amsar ba ko ɗaya ce, ba laifinki ke kaɗai ba ne, haka aka koya mana zuwa coci, mu shiga mu karɓa mu fita. Amma gyaran yana da gurbi a hannunki.

Wannan ya kawo ni kan almajiranci, wanda shi ne tushen maganar. Waɗanda suka juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, da suka zo kan mabiyan Yesu sai suka kira su almajirai. Mu 'yan zango mun san nauyin kalmar nan. Almajiri yana kusa da malaminsa, yana ganin yadda yake ci, da yadda yake fushi, da yadda yake sallamar baƙo. Markus 3:14 ta ce Yesu ya zaɓi goma sha biyu da farko domin su kasance tare da shi, aikawa wa'azi ta biyo baya. Ke kanki ki tuna yadda kika koyi ɗinki. Shekaru kika yi a gindin uwar ɗakinki kina share shago, kina yanka a kan takarda kafin a yarda ki taɓa atamfar mutane, tana farke miki abin da kika ɗinka karkatacce ki sake. Da lacca kika riƙa zuwa saurare sau ɗaya a mako a cikin mutum dubu, da yau ko zif ba ki iya sawa ba. Wa'azin Lahadi abinci ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma umarnin da ke Matiyu 28 na a koya wa mutane su kiyaye ne, kiyayewa kuwa sai da wanda yake ganin ɗinkinki. Shi ya sa Bulus ya gaya wa Titus tsofaffin mata su horar da ƙanana. Kina bukatar mace ɗaya da ta girme ki cikin bangaskiya, in da hali wadda ita ma ta taɓa binne miji, da za ki iya gaya mata ranar da addu'a ta ƙi fitowa daga bakinki.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A 1742 a Biristol ta Ingila, mabiyan John Wesley suna neman hanyar biyan bashin ɗakin taronsu, sai aka raba su ƙungiya-ƙungiya ta wajen mutum 12, kowace da shugaban da zai bi gidaje yana karɓar kwabo ɗaya a mako. Masu bin gidajen suka riƙa dawowa da labarin wanda ba shi da lafiya, da wanda ya koma shan giya, da gidan da ake faɗa. Wesley ya ga abin da aka tsinta ya fi kwabon daraja, daga nan ajin Metodis ya samo asali, kuma har gobe 'yan Metodis na Ghana suna da aji da shugaban aji. A nan gida ma, lokacin da mai wa'azin Metodis Joseph Dunwell ya sauka a Cape Coast a Janairun 1835, wasu samarin Fanti ya tarar sun riga sun saba taruwa suna karanta Littafi Mai Tsarki tare, su ne ma suka aika neman littattafai. Dunwell bai cika wata shida ba ya rasu. Ƙaramar ƙungiyar nan ce ta riƙe aikin har wani mai wa'azin, Thomas Birch Freeman, ya zo a 1838, ya kuma iso Kumasi a 1839 zamanin sarkin Asante Kwaku Dua na Ɗaya. 'Yan Fentikos suna da tarukan gida-gida, 'yan Katolika suna da ƙananan ƙungiyoyin unguwa, 'yan Firesbiteriya suna da ikkilisiyoyin mutanen arewa a biranen kudu inda ake sujada da harsunan gida. Mai yiwuwa naku cocin ma yana da irin wannan a rubuce, ba a taɓa sa ki a ciki ba. In babu na unguwarku, ki ce musu ƙofar shagonki tana nan ran Laraba da yamma, mata biyar ko shida, benci biyu, a karanta sura ɗaya da Hausa, a tambayi kowa yadda ta kwana da abin da ya rage a tukunya.

Game da ɗan'uwan nan mai taro a ɗaki, ki yi hattara, kada a gudu gara a faɗa gidan zago. Taro a ɗaki ba laifi ba ne, ai na gama nuna miki a nan ikkilisiya ta fara. Abin da ya tsaya mini shi ne, ya ga mace cikin makoki, maganar da ya kawo mata kuma ta inda za ta kai kuɗinta ce. Ki tambaye shi wa yake iya tsawata masa in ya yi kuskure, su wa suke ƙirga kuɗin tare da shi, a ina ake rubutawa. Bulus da Barnaba dattawa suke naɗawa a kowace ikkilisiya, ba mutum ɗaya ba. Da Bulus zai kai gudummawa Urushalima, a 2 Korantiyawa 8 ya tafi da wanda ikkilisiyoyi suka zaɓa da kansu don kada a sami abin zargi. Wasiƙar Yahaya ta uku kuma ta ambaci wani Diyotarifis mai son zama na gaba, mai korar duk wanda ya karɓi wasu 'yan'uwa. Wanda ya ce kowa Babila ne sai shi, sau da yawa a can yake ƙarewa. Sa'an nan shi da ya san halin da kike ciki, sau nawa ya tambayi kuɗin makarantar yaran?

Zakka kuwa, ba ni zan hana ki bayarwa ba. Amma macen da take ciyar da marayu uku da keken ɗinki ɗaya kada ta ci bashi ko ta rage wa yara abinci don ta cika kati. Bulus ya ce gwargwadon abin da mutum yake da shi ake karɓa, da yardar rai. A Maimaitawar Shari'a 14:28-29, zakkar shekara ta uku ana tara ta a cikin gari ne domin Balawe, da baƙo, da maraya, da macen da mijinta ya mutu su ci su ƙoshi. Ke da yaranki kuna cikin waɗanda aka lissafa. Don haka in cocinku yana da asusun taimakon juna, ki nemi abin da ya kamace ki da kanki a ɗage, ba bara kike yi ba.

Ki ba su kamar wata uku bayan kin yi magana. In wani ya tako gidanki, in aka fara neman sunayen matan nan, in aka ce bismilla ki tara 'yan unguwarku, to ki zauna ki yi aikin, kin samu masu kunne. In kuwa aka yi ta cewa ki dawo gobe, ko aka mai da ke mai taurin kai, ko aka juya maganar ta koma kan wata sabuwar gudummawa, to ki yi musu sallama a fili, ki faɗi dalilinki, ki nemi ikkilisiya kusa da gida wadda za ki iya zuwa da ƙafa, inda ake da dattawa fiye da ɗaya kuma ake karanta lissafin kuɗi a gaban jama'a. Barin wani coci zuwa wani ba barin Almasihu ba ne. Abin da ba na so shi ne ki zauna a ɗaki ke kaɗai da rediyo, domin baƙin ciki yana ƙara nauyi ga wanda ya kaɗaita, yaran kuma suna kallo.

Maƙwabtanki kuwa, Allah ya saka musu da alheri. Ki dafa wake da shinkafa ran da kika samu hali, ki bi su ɗaki-ɗaki ke da yaran ku yi godiya, in su ma abu ya same su ki zama ta farko a ƙofa da tsintsiya da tukunya. In kin je wurin dattawan, ki rubuto mini abin da suka ce, ki kuma gaya mini yadda babban ɗanki yake, don ba ki ce kome a kansa ba, kuma manyan yara su suka fi ɓoye kuka.